Kududdufin Bayan Ojota

Fito ne siriri, uku a jere, kamar ana kiran wani daga tsallaken ruwa. Shi na fara ji ranar da na soma aiki, gari bai gama wayewa ba, ina tsaye cikin taɓo har idon sawu, warin ruɓaɓɓen ganye da gishiri ya cika mini hanci. Na ɗaga kai ina neman mai fiton. Malam Ilu, wanda ya koya mini aikin, ya ce in bar nema, in rufe ido, in faɗa masa daga ina tsuntsun ya taso kuma ina ya nufa. Na kasa. Ya ce to aikina na ranar ke nan.

Ku da kuke zuwa wurina yanzu da sabon madubin hange a wuya da littafi mai hotuna a hammata, kuna ganin sana'ar nan ta nuna wa baƙi tsuntsaye ba ta wuce a nuna da yatsa a faɗi suna ba. Ɗaya daga cikinku ta ce mini rannan, ai shan iska ne ake biyan mutum ya yi. Ban ji haushi ba, domin ni ma da haka na shigo.

A Agege aka haife ni. Baba dillalin fatu ne da ƙiraga, rumfarsa ba ta da nisa da mayanka, saboda haka tsuntsayen da na buɗe ido na gani su ne balbela da shirwa, masu jiran abin da mahauta suka yar. Ina sakandare malamarmu ta kimiyya ta kai mu wata fadama a bakin ruwan Ikko, inda ruwan teku yake shigowa ya janye sau biyu a yini. A can na fara ganin Malam Ilu. Mutumin Nguru ne, ya zo Ikko tun yana saurayi yana sayar da tsuntsayen keji a gefen kasuwar Jankara, har ya gano cewa akwai mutanen da za su biya don a nuna musu tsuntsu a sake. Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Da na gama makaranta sai na zama tafintarsa, daga nan na zama almajirarsa. Baba ya yarda da sharaɗi biyu: in dawo gida kafin la'asar, kuma aikin ya riƙe kansa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Madubin hange guda ɗaya muke da shi, tsoho, wanda wani ma'aikacin jirgin ruwa ya bar wa Malam Ilu. Danshin Ikko yana sa hunhuna ta fito a cikin gilashin, don haka kullum a cikin gwangwani yake kwana tare da soyayyiyar shinkafa da ke shanye raɓa. Akwai sanda doguwa ta gwada taɓo, saboda akwai wurin da za ka ga kamar dandamali, kana takawa ka nutse har gwiwa. Takalman roba na farko da na saya, taɓo ya cinye ƙafa ɗaya a makon farko. Farin mayafina da atamfofina masu haske duk na ajiye, na koma sa launin ƙasa, har ƙawayena suna tambaya ko takaba nake yi. Sai kwale-kwalen Sikiru, wani masunci Bayarabe da ke tuƙa mu ba tare da filafilinsa ya yi ƙara ba. Agogon ruwa kuwa wata ne. Malam Ilu yakan dubi kwanan wata ya ce gobe ruwa zai janye sosai da hantsi, kuma haka za a yi.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai, wani likita Ba'indiye ne daga babban asibitin nan na Idi-Araba. Mutum ne mai shiru, ya nuna wasu ƙananan tsuntsaye da ke kiwo a bakin ruwa ya tambaye ni sunansu. Na buɗe littafi ina kwatanta launi. Duk launin toka ne, duk farin ciki gare su, duk girmansu bai wuce tafin hannu ba. Na yi ta juya shafi har ruwa ya fara dawowa suka tashi. Likitan ya gode mini ya tafi.

Da na ba shi labari, Malam Ilu ya ce, “'Yar boko, kin fara da riga. Wa ya ce miki ana gane mutum daga nesa da rigarsa? Babanki in ya taho daga tasha, da me kike gane shi?”

Na ce da tafiyarsa.

Daga ranar na koyi jerin da har yau nake bi. Ƙafa tukuna, tsawonta da launinta. Sai baki: miƙaƙƙe ne, ya lanƙwasa ƙasa, ko ya ɗan ɗaga sama. Sai tafiya da yadda yake cin abinci. Sai murya. Launin gashi shi ne na ƙarshe, domin waɗannan baƙin tsuntsayen da suke zuwa mana daga ƙasashen sanyi a ƙarshen damina suna barin adonsu a gida, a nan kayan aiki suke sawa. Malam Ilu yana ce musu 'yan taɓo, kuma kowanne ya raɗa masa suna. Akwai mai rawar gindi, wanda ba ya taku biyu bai kaɗa wutsiya ba. Akwai mai lauje, mai baki kamar na yankan ciyawa, da ke zaro ƙaguwa daga raminta. Akwai mai tsere da igiyar ruwa, da mai juya tsakuwa. Mai fiton nan uku kuwa, shi ne mai koren ƙafa. Ni kuma na kawo masa abin da littafi ya sani. Akwai wasu iri biyu da ya daɗe yana ɗauka ɗaya ne, sai da na karanta masa cewa a dubi farin layin da ke kan fiffike in sun tashi. Ya duba, ya gani, ya yi kwana biyu yana jin daɗi kamar an yi masa haihuwa.

Baƙinmu iri-iri ne. Turawan kamfanonin mai sun fi kowa gaggawa, so suke a nuna musu komai kafin rana ta yi zafi. Wani daga cikinsu ya taɓa rantse mini cewa ya ga wani tsuntsu da ba a taɓa gani ba a wannan gaɓar, yana so in gaskata shi. Na duba, hasken rana yana bayan tsuntsun, ba na ganin launin ƙafarsa. Na ce ban sani ba. Ya ce to me ake biyana in yi. Ku riƙe wannan: babu kalma mai wuyar faɗi a sana'ar nan kamar ban sani ba, kuma wanda bai iya faɗinta ba, ba a daɗewa ake daina yarda da sauran maganarsa. Mutumin ya yi fushi ya tafi. Bayan wata guda ya dawo da abokansa.

Amma ginshiƙin aikinmu wata makarantar 'yan mata ce. Shugabarta, wadda kowa ke ce wa Madam, tana kawo mana aji bayan aji duk rani. Su nake so. Na tuna ranar da baƙin zalɓe ya sauko gabansu ya buɗe fikafikansa ya rufe kansa kamar laima, yana yi wa kifi inuwar yaudara. Yara masu surutu suka yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga filafilin Sikiru.

Sai muguwar shekara ta zo. Ba a daɗe da canza kuɗi zuwa naira ba, kuɗin mai ya shigo gari, kowa gini yake yi. Da damina muka ga an kafa turaku masu jan ƙyalle a gefen fadamarmu. Kafin ruwa ya ɗauke, motocin tifa sun fara juye jar ƙasa, safe da yamma. Itatuwan ruwa masu saiwa a waje aka sare su aka tara. Lokacin da 'yan taɓo suka iso na gan su da idona suna zagaye sama, suna fito, su sauko ƙasa-ƙasa su sake tashi. Bayan 'yan kwanaki ba mu ƙara ganinsu ba.

Muka shiga nema. Sikiru ya kai mu kowane lungu na ruwa da ya sani, gabas da yamma. Wani wurin mun tarar an cike shi, wani mai ya kwanta a kan ruwan yana ƙyalli, wani kuma sai an yi tafiyar yini kafin a kai, ba wurin kai yara ba. Turawa suka daina aiko saƙo. Sikiru ya koma kamun kifi. Madam ta ce za ta jira mu zuwa ƙarshen wata, in babu inda za a kai yara, za ta cire fitar daga tsarin makaranta, kuma abin da aka cire ba ya komawa. A gida kuma Baba ya kira ni ya ce wani amininsa ya samo mini aikin buga tafireta a wani kamfani. Bai yi faɗa ba. Ya tuna mini sharaɗinmu ne kawai, ya ce shi ma ƙarshen wata zai jira.

A zauren gidanmu akwai 'yan ci-rani da ke kwana, mutanen karkara da suke zuwa neman aikin ƙarfi in an gama girbi, wasu ma tun kafin a gama. Cikinsu akwai wani magidanci, Sale, daga wajen Haɗeja, yana lodin ƙasa a motocin tifa. Wata safiya ina wanki a tsakar gida, ban ma san ina yi ba, ina ta fiton mai koren ƙafa. Sai na ji an amsa mini daga zaure, daidai, har da ɗan jinkirin da ke tsakanin na biyu da na uku. Na yafa mayafi na leƙa, muka gaisa, na tambaye shi inda ya koya.

Ya ce, “A wurin aiki mana, 'yar Alhaji. Kullum da asuba sai sun dame mu. Har da kirinjijiya, agwagin dajin nan.”

Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba, alhali duk gidan an san abin da muke nema.

Ya ce shi ya ji ana ta maganar teku da kwale-kwale. Nasu wurin ai ba teku ba ne. “Kududdufi ne kawai.”

Da na kai wa Malam Ilu labari, nan take ya gane abin da ya kuɓuce masa. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san cewa inda aka yi gini, akwai ramin da aka haƙi ƙasar, kuma ramin nan yana tara ruwa ya zama kududdufi, tsuntsaye su same shi. A bakin irinsa ya koyi ɗana tarko yana yaro. Amma ya daɗe a Ikko har idonsa ya saba cewa tsuntsun ruwa na teku ne. Mun yi ta kallon inda motoci suke juye ƙasa muna baƙin ciki, babu wanda ya tambayi daga ina suke ɗebo ta.

Washegari muka hau danfo, ƙaramar motar haya, zuwa Ojota, daga nan Sale ya roƙi direbansu ya ɗauke mu a gaban tifa. Hanyar duk ramuka ce. Sai da rana ta take muka isa. Wurin rami ne mai faɗi, gefe ɗaya an daɗe da barinsa, tun haƙar da aka yi ta wani titi shekarun baya, ya cika da ruwa har bado ya rufe shi. Ɗaya gefen sabuwar haƙa ce, ruwa kaɗan-kaɗan da shimfiɗar taɓo. Injuna suna ruri, ma'aikata suna ihu. Tsuntsu kuwa babu, sai balbela biyu a kan tulin ƙasa.

Malam Ilu ya ce mu tafi. Ya ce Sale mutumin kirki ne, amma a wurin ɗan ci-rani duk abin da ya tsaya a ruwa tsuntsun ruwa ne. Ni kuwa na tuɓe takalmi na sauka.

Wannan aikin shi nake so ku fi lura da shi, domin babu tsuntsu ko ɗaya a cikinsa. Na durƙusa a bakin taɓon. Akwai sawu, yatsu uku a gaba, ƙanana da manya, sun bi gefen ruwa kamar ɗinkin hula. Akwai 'yan ramuka a jere inda baki ya shiga ya fita, wasu kusa da kusa kamar na keken ɗinki, aikin ƙanana ke nan, wasu a warwatse masu zurfi. Can cikin ruwa inda ya kai tsawon hannu na hango sawu a ƙasa, masu nisa tsakani, wanda ba mai yinsa sai mai dogayen ƙafafu. Kashin da ke wurin fari ne, bai bushe ba. Na tsinci gashi guda mai ɗigo-ɗigo a gefe. Na kira Malam Ilu, ya sauko yana mita, ya duba, ya bi sawun da sandarsa. Ya ce iri huɗu. Na ce biyar. Ma'aikatan suka ce ranar Lahadi ba a tayar da inji.

Lahadin da ke tafe ita ce ta ƙarshe a watan. Babu damar mu je mu gani da idonmu tukuna. Malam Ilu ya ce bai taɓa kai baƙo inda shi bai ga tsuntsu ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Na ce to ni zan kai. Na je na sami Madam na gaya mata gaskiya, cewa sawu na gani. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce motar makaranta ba za ta bi irin wannan hanya ba.

Baba ne ya warware wannan. Ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwashi 'ya'yan mutane zuwa dajin da bai sani ba, saboda haka da motarsa ta ɗaukar fatu za a je, kuma da shi. Aka wanke bayan motar da sabulu har sau nawa, aka shimfiɗa tabarmi. Duk da haka yara suka hau suna toshe hanci da gefen riga, wata ta ce da Yarbanci yau an sayar da su ga mahauta. Baba ya ji, ya amsa mata da Yarbanci cewa fatarta ba za ta yi kuɗi ba, ta yi ƙanƙanta. Motar ta ɗauki dariya. Malam Ilu, da ya ce ba zai zo ba, muka same shi a tashar Ojota yana tsaye da sandarsa da gwangwanin madubi.

Mun bar motar daga nesa muka ƙarasa da ƙafa, na sa kowa ya yi shiru. Hazon safiya yana kwance a kan ramin. Muka kwanta a bayan tulin jar ƙasa, har da Madam da siket ɗinta, har da Baba da babbar rigarsa. Ba a ganin komai. Sai rana ta ɗan ɗaga, hazon ya fara yayewa daga gefe kamar ana janye mayafi.

Taɓon yana motsi. Da farko haka na gani, kamar ƙasar ce take tafiya. 'Yan taɓo ne, sun rufe bakin ruwan. Na fara faɗar su a hankali, madubi yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Ga mai rawar gindi a kan dutse. Ga masu ɗigon baya suna tsinta cikin ciyawa. Ga ƙananan nan masu baki kamar allura, kansu a ƙasa. Ga mai koren ƙafa yana gudu cikin ruwa yana bin ƙananan kifi. Can tsakiya ga masu jajayen ƙafafu dogaye, baƙi da fari, suna taku kamar masu tsoron jiƙa riga. Malam Ilu ya matso ya ce mini a kunne, biyar ne, ya yarda. Sai zakaran ƙeƙuwa ya hango mu ya fara ƙararsa, garken kirinjijiya ya tashi daga cikin bado yana fito, ya zaga kanmu ya koma ya sauka. Sai ji na yi Madam tana tambayar Sale ko za a iya gyara hanyar kafin aji na gaba.

Baba bai karɓi madubin ba sai daga ƙarshe. Bai iya riƙe shi ba, na gyara masa. Ya juya shi wajen tsohon ramin, ya tsaya. A kan ganyen bado akwai tsuntsun nan mai jiki ja da farin wuya da yatsu dogaye kamar tsinken tsintsiya, wanda Malam Ilu ke ce wa kazar bado. Tana tafe a kan ganye, 'yan tsaki suna biye. Inuwar shirwa ta gilma. Nan take ta durƙusa, 'ya'yan suka shige ƙarƙashin fikafikanta, ta matse su, ta miƙe ta ci gaba da tafiya a kan ruwa, ƙafafunsu suna reto ta kowane gefe. Baba ya bi ta da kallo har ta shige ciyawa.

Ya sauke madubin ya ce, “Kai, uwa ke nan.” Ya juyo gare ni ya ce, “Rakiya, gobe zan je in ba mutumin nan haƙuri. Su nemi wata mai tafireta.”

A wannan kududdufin muka yi aiki shekaru masu yawa, kuma daga shi na koyi bin motocin ƙasa a duk inda sabon gini ya tashi. Turawa suka dawo, Sikiru ya koyi tuƙa mu cikin bado da ƙaramin jirgi, Sale ya zama shi ke sanar da ni in an buɗe sabon rami. Baba kuwa har ya bar duniya, in hira ta yi daɗi a rumfa, sai ya ba abokansa labarin uwar da ya gani ta rungumi 'ya'yanta tana tafiya a kan ruwa.

Sai bayan rasuwarsa da daɗewa wata ɗalibata, cikin yaran da suka hau motar fatun nan, ta dawo daga karatu ta zama masaniyar tsuntsaye, ta zo gaishe ni. Ita ta gaya mini abin da masu bincike suka tabbatar game da kazar bado. Macen tana yin ƙwai ne ta yi gaba. Wanda yake kwanci, ya ƙyanƙyashe, ya yi kiwon 'ya'yan, ya ɗauke su a ƙarƙashin fiffike in ya ga hatsari, namijin ne. Abin da Baba ya gani a kan badon nan uba ne.